Takardar da Ta Zo Daga Tsafe

Malam Mas'udu ya shekara goma sha ɗaya yana yi wa wani alƙali rubutu a ƙasar Bungudu. Shi ke rubuta ƙara da shaida da hukunci, kuma duk takardar da ta shigo zauren hannunsa take faɗawa. Kowace shekara idan an gama kaka, gab da ƙarshen shekarar Turawa, Joji, Baturen da ke duba shari'a, yakan taso rangadi daga Gusau ya duba littattafan shari'a. Saboda haka kafin ya iso akan ɗage zama na kwana uku, Malam Mas'udu ya fito da takardu waje ya gyara.

Yana son aikin nan. Da hantsi sai Arzika, dattijon masinjan alƙali, ya taya shi jawo akwatunan ƙarfe guda huɗu zuwa gindin tsamiya. A shimfiɗa tabarmi, a kwance ɗauri ɗaya bayan ɗaya, a kaɗe kashin kyankyaso, a ɗora 'yan duwatsu kada iska ta kwashi takarda. Wadda gara ta fara ci sai ya sake rubuta ta a sabuwa, tsohuwar a jefa cikin kwando a ƙone. Ta aure da saki wuri guda, ta gado wuri guda, ta iyakar gona da ɓarnar shanu wuri guda. In an gama sai ya barbaɗa garin taba a ƙasan akwati, ya ɗaure kowane kashi da sabuwar igiyar rama. Mutanen gari sun san shi da cewa takarda ba ta ɓacewa a hannunsa, shi ma yakan faɗa da bakinsa.

A shekarar da ake shimfiɗa hanyar jirgi ta nufo Gusau, ranar aiki ta biyu, ya kwance ɗaurin takardun saki, sai wata takarda ta zame ta faɗo kan cinyarsa. A naɗe take, zaren da aka ɗaure ta da shi yana nan ba a taɓa kwance shi ba. A bayanta an rubuta cewa daga alƙalin Tsafe take zuwa ga alƙalinsu.

Ya daɗe yana juya ta kafin ya tuna. Farkon damina ne, hadari ya haɗo, rufin zauren yana yoyo ta gefen da yake zama. Yana ta tattara takardu da sauri Arzika ya shigo a jiƙe ya miƙa masa ita, shi kuwa ya cusa ta cikin ɗaurin da ke hannunsa da niyyar in ruwa ya ɗauke ya buɗe. Ruwa ya ɗauke, bai sake tunawa ba.

Ya tsinke zaren ya karanta. Layi bakwai ne, da Larabci. An kama wani mutum a kasuwar Tsafe yana neman sayar da jar saniya mai yankakken kunnen hagu. Ya amsa cewa a dajin Rawayya ya kore ta, shi kaɗai, kuma igiyarta ya jefa ta bayan rumbun wani manomi don a bi sawu can. Alƙalin Tsafe ya ce ya ji an ɗaure wani a kan saniyar nan, to a sake shi, a kuma turo mai ita ya karɓi abinsa.

Malam Mas'udu bai buƙaci buɗe littafi ba. Shi ya rubuta shari'ar da hannunsa. Saniyar wani Bafulatani ce mai suna Tambaya. Manomin kuwa Hamidu ne, mutumin Rawayya. An ga igiya bayan rumbunsa, mutum biyu sun shaida cewa sawu ya bi ta gonarsa, aka yanke masa wata shida a gidan kaso. Wata ɗaya ya yi a ciki lokacin da takardar nan ta iso. Sauran biyar ɗin ya yi su takardar tana kwance cikin akwati, ƙasa da taku uku daga inda Malam Mas'udu ke zama kullum.

Abin da ya fi ƙona shi shi ne matar Hamidu, Hanatu. Sau uku tana takowa daga Rawayya a ƙasa cikin damina. Ta ce wani bafatake ya gaya mata an kama ɓarawon a Tsafe, har an aiko da takarda. Zuwan farko ya ce mata babu abin da ya zo. Zuwa na biyu ko kai bai ɗaga ba. Na uku zauren cike yake da mutane, ya ajiye alƙalami ya ce mata: "Ke, takarda ba ta shiga zauren nan ban sani ba. Ki bar yawo da zancen kasuwa, ki koma ki jira mijinki shi gama abin da yad ɗauko ma kainai." Wasu suka yi dariya. Ta ja mayafi ta fita, ba ta sake zuwa ba.

Yana zaune takardar a hannunsa. Can gefe Arzika ya hura wuta yana zuba tarkacen da gara ta ci. Ya ɗago ya ce, "Malam, akwai sauran na ƙonawa?"

Malam Mas'udu ya dubi kwandon, ya dubi wutar. Hamidu ya riga ya fito. Tambaya ya bi shanunsa kudu. Joji ba ya duba abin da ba a shigar a littafi ba. Ya ji hannunsa ya fara miƙewa wajen kwandon da kansa.

"Babu," ya ce, ya cusa takardar a aljihu.

Arzika ya dube shi kaɗan, ya ci gaba da tona wuta da kara.

Ranar bai ƙara yin aikin kirki ba. Ya haɗa takardun gado da na gona, sai da ya sake warewa. Da ya koma gida matarsa Wasila ta kawo tuwo, ya wanke hannu ya zauna yana kallon kwanon har miya ta yi sanyi. Ta tambaye shi ko zazzaɓi ne, ya ce a'a. Ta sake tambaya, sai ya gaya mata duka, har da abin da ya faɗa wa Hanatu.

Wasila ta ce, "Matar nan na gan ta rannan. Nan bakin rijiya ta tsaya ta roƙi ruwa, ƙafarta duk laka. Ban san daga wurinka ta hito ba."

Ta ɗauke kwanon.

Da safe ya sami alƙali a zaurensa na gida yana jan carbi bayan karatu. Tsoho ne, idonsa ya fara rauni, shi ya sa komai sai an karanta masa. Malam Mas'udu ya durƙusa nesa da inda ya saba zama.

"Allah shi gafarta Malam, na zo da magana mai nauyi."

"Hwaɗi."

Ya karanta takardar. Da ya gama alƙali ya tambaye shi yaushe ta zo. Ya faɗa. Ya tambaye shi wa ya karɓa. Ya ce shi. Ya tambaye shi ko akwai wanda ya san ya same ta. Ya ce daga shi sai matarsa.

Alƙali ya ajiye carbi a kan buzu.

"Ni na yanke ma bawan Allah nan hukunci a kan igiya da sawu," ya ce a hankali. "Wannan nawa ne, ni zan amsa shi. Amma Allah ya aiko muna da gyara cikin wata guda, kai ka rufe shi cikin akwati. Matatai ta zo?"

"Sau uku."

"Mi ka ce mata?"

Malam Mas'udu ya maimaita maganar kamar yadda ya faɗe ta, bai rage ko kalma ba. Yana faɗa yana kallon ƙasa.

Alƙali ya ce, "To ga abin da za ka yi. Ka buɗe littahi, ƙarƙashin shari'ar, ka rubuta wagga takarda duka. Ka rubuta ranar da ta zo da ranar da aka buɗe ta, da sunan wanda ya aje ta. Joji shi gani. Sannan ka ɗauki goɗiyata ka tahi Rawayya. Gobe Juma'a. A bakin masallaci za ka karanta, inda aka san shi da sata."

Rubutun nan shi ne mafi wuya da ya taɓa yi. Da ya zo wajen sa sunansa tawada ta ɗigo ta ɓata gefen shafin, ya bar ta haka. Washegari da sassafe Arzika yana tsaye yana ɗaura wa goɗiya sirdi, da ya miƙa masa linzami ya ce, "Ni na kawo takardar nan, Malam. Na tuna ranar. Da matar ta riƙa zuwa na so in yi magana, sai na ce wa ya fi ka sanin takarda." Malam Mas'udu ya karɓi linzamin ya hau.

Ya isa Rawayya kafin azahar, ya sauka wurin mai gari ya gaya masa abin da ya kawo shi. Bayan an sallame salla mai gari ya ce jama'a su dakata. Malam Mas'udu ya miƙe a gaban mutanen da yawancinsu sun taɓa durƙusa masa a zauren alƙali, ya karanta takardar, ya fassara musu dalla-dalla. Sannan ya ce tun farkon damina ta zo, shi ne ya ajiye ta bai buɗe ba. Mutum biyun da suka ba da shaidar sawu suna sahu na biyu, ɗaya ya sunkuyar da kai, ɗaya yana ta gyara hula. Wani tsoho mai farin gemu ya dafa sanda ya tashi, ya rufe fuska da hannun riga, ya fita ko takalmi bai tsaya ɗauka ba. Mai gari ya raɗa masa cewa Bawa ke nan, mahaifin Hamidu.

Hamidu kuwa ba ya garin. Mai gari ya ce da ya fito kwana goma kawai ya yi. In ya bi ta ƙofar gida sai a jawo awaki ciki, in ya zauna a majalisa sai hira ta mutu. Uban nasa ma ya hana shi shiga gidansa. Sai ya ɗauki tabarma ya tafi ƙasar Tsafe, inda ake ɗaukar leburorin hanyar jirgi.

Aka raka Malam Mas'udu gidan Hamidu. Dangar gidan ta kwanta ta gefe guda, rumbun a buɗe yake, babu komai ciki sai 'yan dammunan gero da ba su rufe ƙasansa ba. Aka yi sallama da Hanatu, ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Labari ya riga shi isowa.

"Sannu, Malam. An zo lahiya?"

"Lahiya lau. Na zo ne in..."

"Na ji. Ina takardar?"

Ya miƙa mata. Ba ta iya karatu ba, amma ta riƙe ta da hannu biyu tana kallon rubutun.

"Zuwana na fari, ta riga ta zo?"

"Ta zo."

"Tana cikin ɗakin nan da nit tsaya?"

"Tana ciki."

Ta gyaɗa kai. "Da na dawo na ukku, na zauna can bakin gulbi na ce ma kaina ƙila bafataken nan ƙarya ya yi mini. Daga nan har na fara cewa ƙila Hamidu ya ɗauki saniyar. Da ya hito na tambaye shi. Shekara tara muna tare, na dube shi na tambaye shi ko ya ɗauka." Ta miƙa masa takardar. "Wannan shi ni ka ji ma ciwo, ba tahiyar ba."

Malam Mas'udu ya ce ta yafe masa. Ta ce yafiya ba tata ba ce ita kaɗai, ya je ya sami mai abin. Sannan ta shiga ta aiko masa da ruwa a ƙwarya, don baƙo ne. Ya karɓa ya kurɓa, ya mayar da ƙwaryar.

Alƙali bai ce ya wuce Rawayya ba, amma bai ga yadda zai juya Bungudu ba. Ya kwana a Gusau gidan wani abokin karatunsa, bai gaya masa dalilin tafiyar ba. Kwana biyu ya yi a hanya kafin ya iske inda aikin ya kai, arewa da Tsafe. Mutane ne fiye da ɗari, wasu na haƙa, wasu na ɗibar ƙasa a kwanduna suna zubawa kan wata doguwar ganuwa. Ya tambayi helumansu, wato shugaban leburorin, ina Hamidu, aka nuna masa wani dogon mutum ramamme da gammo a ka.

Ya jira har aka busa usur na hutun rana. Hamidu ya gane shi tun daga nesa, ya tsaya cak, kwandon a hannu.

"Malam, wata ƙara ce kuma?"

"A'a. Zo mu zauna."

Suka zauna a inuwar wata kaɗanya. Malam Mas'udu ya karanta takardar, karo na uku ke nan a gaban mutum, kuma wannan ya fi sauran wuya. Ya faɗi ranar da ta zo. Ya faɗi zuwan Hanatu da abin da ya ce mata. Hamidu yana sauraro yana kankare busasshiyar laka daga ƙafarsa da tsinke.

"Watanni biyar ke nan," ya ce.

"Biyar."

"Damina duka."

Malam Mas'udu ya sunkuyar da kai.

"An karanta a Rawayya?"

"Ranar Juma'a, a bakin masallaci."

"Baba shina wurin?"

"Shina nan. Ya ji duka. Ya tashi ya hita yana rufe huska."

Nan ne Hamidu ya bar kankare ƙafar. Ya juya baya ya fuskanci daji, kafaɗunsa suna rawa, ba sauti. Malam Mas'udu ya kawar da kai, ya zauna yana kallon tururuwa har mutumin ya share fuska da gammonsa ya juyo.

"Ka san abin da ya sa niz zo nan?" in ji Hamidu. "Nan ba wanda ya san sunan ubana. Amma ko nan, in wani ya ɓatar da wuƙa sai gabana shi faɗi, in ga kamar ni a ka kallo."

"Ni na ja maka. Ka yahe mini don Allah."

Hamidu ya dube shi, kallo mai tsawo, babu faɗa a ciki. "Malam, in na ce na yahe yanzu, baki ne kawai. Ban san abin da ke cikin raina ba tukuna. Ka bari in koma gida in ga huskar mutane." Ya nuna takardar da haɓa. "Wagga za ka bar mini?"

"Ta alƙali ce, dole ta koma akwati. Amma ina rubuta maka irinta."

Ya ciro kurtun tawada da alƙalami daga gafaka, ya ɗora takarda a gwiwa ya kwafe ta kalma da kalma. A ƙasa ya ƙara da Hausa cewa Hamidu ɗan Bawa na Rawayya bai saci saniya ba, kuma jinkirin sakinsa daga Mas'udu magatakarda ne. Ya sa hannu. Hamidu ya jira tawada ta bushe, ya ninke ta huɗu ya sa cikin hularsa. Aka busa usur, ya ɗauki kwandonsa ya ce sai ya cika makon da ya yi wa heluma alkawari. Bai miƙa hannu ba, Malam Mas'udu ma bai miƙa ba.

Kafin ya bar Tsafe ya je ya gaida alƙalin garin, ya ba da haƙuri a kan rashin amsa. Saniyar tana nan garken wani makiyayi da aka ba amana, har ta haihu. Aka ce za a nemi Tambaya idan ya dawo daga kudu.

Da ya koma Bungudu Joji ya riga ya sauka. Aka shimfiɗa littattafai a kan tebur, tafinta yana karantawa. Da aka zo shafin, Joji ya sa aka maimaita, ya tambayi wane ne Mas'udu. Malam Mas'udu ya miƙe tsaye a gaban hakimi da dagatai da dogarai, ya tsaya har aka gama karanta laifinsa da rubutun hannunsa. Joji ya yi 'yar magana da alƙali, ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa. Bayan mako uku aka turo sabon magatakarda daga Gusau. Malam Mas'udu aka bar shi da kwafar tsofaffin takardu a ƙarƙashin mutumin da ya girme wa da shekara goma sha biyar. Bai yi ƙorafi ba. Abin da ya kasa shi ne zaman majalisar ƙofar masallaci da ya saba bayan la'asar. Ya fi shekara yana sallamewa ya wuce gida.

Hamidu ya koma Rawayya kafin shuka. An ce uban ne ya tako har ƙofar gidansa, suka daɗe a zaure su biyu, babu wanda ya ji abin da suka ce. Maƙwabta suka yi masa gayya suka nome gonar da ta zama saura.

Da kaka ta zagayo, wata ranar kasuwa, Malam Mas'udu yana tsugune wurin mai barkono sai ya ji sallama a kansa. Hamidu ne da jaki, ya kawo gyaɗa. Ya ɗan yi ƙiba. Suka gaisa, ya tambayi iyali, Malam Mas'udu ya tambayi Baba Bawa da Hanatu. Hamidu ya ce duk lafiya, Hanatu ta sauka wata biyu da suka wuce, an sami ɗiya mace. Malam Mas'udu ya yi barka, ya yi addu'a. Suka ɗan tsaya, kowa yana jiran ɗaya ya ƙara wani abu. Jakin ya fara jan igiya wajen kwandon wata mai ganye, Hamidu ya fizgo shi, ya ce to sai an jima, ya kora shi cikin kasuwa.